Surin Sabis da Allon Manaja Mordecai

Duk wanda ya zauna a bayan kasuwar Samaru wajen shekarar 2003 ya san Layin Suri. A lokacin wayar salula ta shigo Zariya, an kafa ƙarfen sabis a Sabon Gari, amma kafin sabis ɗin ya tako zuwa unguwarmu ya riga ya gaji liƙis. Ba ya shiga ɗaki, ba ya tsayawa a tsakar gida. Wuri ɗaya tak yake yada zango: ƙololuwar wani tsohon suri da ya fi mutum tsayi, a bakin layinmu. Kada ku tambaye ni dalili, ni malamin firamare ne.

Sai muka yi dabararmu. Aka sassaƙa matakala a jikin surin, aka kafa doguwar gora a kansa, aka bubbuga mata ƙusoshi. Da safe kowa ya ɗaure wayarsa a leda ya rataye, ya kama gabansa. Mai kula da wannan babban ofis ita ce Mama Ebele, mai tuyar ƙosai a gindin surin, Ibo ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausar bakinta ta fi tawa gishiri. Ta haddace kukan kowace waya. Sai ka jiyo ta daga bakin kasko: "Malam Martin! Taka ce ke kuka, yi sauri kafin katin mutumin ya ƙare!" In ba ka kusa, ta lallaɓa da ciwon gwiwarta ta hau ta karɓar maka saƙo.

Wayarta ce a ƙusar sama, kuma babu mai jayayya, don kowa ya san abin da take jira. 'Yarta ɗaya tilo, Ebele, tana aure a Fatakwal da tsohon ciki. A haihuwar fari ɗan bai zo da rai ba, kuma sai bayan kwana huɗu labarin ya iso wa Mama ta bakin wani direban tirela. Saboda haka ta sayi wayar. Ta ce wannan karon, daɗi ko akasinsa, da kunnenta za ta ji a ranar.

Ana nan sai Mordecai ya dawo daga Legas.

Mordecai ɗan marigayi katikis ɗin cocinmu ne, a gabanmu ya girma. Yana aiki da wani katafaren kamfanin waya, wanda ba zan faɗi sunansa ba tunda har yau layinsu nake riƙe da shi. Aikinsa a ofishinsu na unguwar PZ da ke Sabon Gari shi ne miƙa wa mutane fom su cike. Sai aka buɗe kwas na mako biyu a Legas kan yadda ake tafiyar da manyan ayyuka, wanda aka zaɓa ya kwanta da taifod, aka tura Mordecai don kada kujera ta zauna banza. Ya dawo da naktaye, da farar hular kwano, da waya a soke a ƙugu, da baki cike da tsari. Daidai lokacin kamfanin ya ga dama zai kafa ƙarfe a Samaru. Aka ce ya riƙe aikin: in ƙarfe ya tsaya cikin kwana arba'in ya zama manaja, in bai tsaya ba, fom na nan na jiransa.

Ranar wata Litinin ya iso layinmu, katafila na biye da shi.

"Jama'a," in ji shi, "ina ne sabis ya fi ƙarfi a unguwar nan?"

Mu kuma da wautarmu duk muka nuna suri.

"Madalla! Kun ga amfanin tuntuɓar masu ruwa da tsaki. Nan za a kafa ƙarfe. Direba, bismilla."

Mama Ebele ta miƙe da cokalin tuya a hannu. "Mordecai, me ka ce za a yi wa surin?"

"Share fili, Mama. Aiki na ɗaya, rana ta ɗaya."

"In ka share shi, a ina za mu riƙa samun waya?"

"A ƙarfe mana."

"Ina ƙarfen?"

"Yana rana ta arba'in."

"To daga rana ta biyu zuwa ta talatin da tara fa?"

Ya buɗe fayil, ya bi layi da yatsa har ƙasa, ya rufe. "Wannan ba ya cikin tsarin aiki."

"Ga fili can fetal a bayan injin niƙa, ɗana. Ka kafa abinka a can, ka bar mana namu."

"Mama, ba a canja tsari bayan an sa hannu."

"Wa ya sa hannun?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Ɗazu a mota."

Da ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ya cire hular kwano ya dafa ƙirji, ya ɗaga murya yadda har masu facin taya za su ji. "Ni Mordecai na yi miki alkawari a gaban jama'a. Rana ta arba'in, a wannan filin, za ki ji kukan jikanki da kunnenki, kina zaune a kujerar kushin, sabis cike fal a wayarki."

"Kai ka gaya wa jikan ya jira rana ta arba'in?"

"Za a sanar da shi a rubuce."

Muka sauke wayoyinmu a guje. Cikin minti goma katafila ta gama da abin da gara ta yi shekara talatin tana ginawa. Kowa ya duba fuskar wayarsa, babu ko ɗigon sabis. Mordecai ma ya zaro tasa daga ƙugu ya duba, ya girgiza ta, ya mai da ita. Ya ce abin na wucin gadi ne.

Kashegari aka zagaye filin da kwano, aka ajiye kwantena, ya sa aka rubuta ƊAKIN YAƘI a ƙofarta. A ciki ya jingine allonsa, wani shirgegen katako mai tsawon ƙyaure biyu, an manne shi da takardu, kowane mako da takardarsa, ga akwatuna ga kibiyoyi ja-ni-in-ja-ka. Nan ya kira taron farko, aka gayyace ni a matsayin wakilin unguwa.

Aikin kashi biyu ne. Injiniya Clara, 'yar Wusasa, mace marar son surutu, ita za ta haƙa fandisho, wato harsashi, ta zuba dakali huɗu na kankare, inda ƙafafun ƙarfe za su zauna. Chuks kuma, babban mai walda a Sabon Gari, shi kamfanin zai riƙa aiko wa ƙarafa daga Legas ya harhaɗa a garejinsa. Suna miƙa wa juna hannu za su gaisa Mordecai ya shiga tsakani.

"Doka ta ɗaya," in ji shi. "Clara ba za ta yi magana da Chuks ba, Chuks ba zai yi magana da Clara ba. Abin da ke kashe aiki ke nan, magana barkatai. Komai ta kaina zai bi. Ko Legas ma, in suna neman Samaru, lambata kaɗai na ba su."

Clara ta ce, "Yallaɓai, lambarka ba ta shiga. Jiya ka rushe surin."

"Tsari in ya cika ba ya bukatar waya. Doka ta biyu: ba na son dogon bayani. Rahoto da kati za a yi." Ya zazzage jaka a kan tebur. "Kore, aiki na tafiya. Ruwan ɗorawa, aiki na tafiya a hankali. Kullum da safe Henry mai acaɓa zai je Sabon Gari ya karɓo katin Chuks. Kati kawai, ban da wasiƙa."

"Jan fa, Oga?" in ji Chuks.

Mordecai ya tattara jajayen katunan kaf, ya watsa su ta taga. "A aikina babu wannan kala."

"Abeg, Oga, in wahala ta zo, wane kati zan aiko?"

"Ba za ta zo ba. Duba allo, ka ga inda aka rubuta ta? Doka ta uku ta shafe ni: ƙafata ba za ta bar Samaru ba sai ƙarfe ya tsaya."

Katunan a gefen murhun Mama Ebele suka zube. Ta tsince su, ta ce aƙalla sa yi fifitar wuta.

Daga nan unguwa ta shiga uku. Wani tela ya ɗaure wayarsa a tsinin taɓarya ya hau rufin shago, kwano ya ɓurma da shi a kan keken ɗinki. Ɗalibai suka cika bishiyar mangwaro kamar jemagu, babu wanda ya samu ko "halo". Wani ɗan kasuwa ya yi mako guda bai san kayansa sun iso tasha ba. Mama Ebele kuwa duk Lahadi bayan sujada sai ta hau bayan Henry, ta sha girgiza har PZ don ta ji muryar 'yarta na minti biyu, ta dawo tana ɗingishi. In ta wuce ta bakin kwanon sai Mordecai ya leƙo ya ɗaga mata yatsu, wai yana nuna mata kwanakin da suka rage.

A cikin kwanon kuma aiki ya kankama, wato taro. Kullum ƙarfe takwas Mordecai ke tara leburori a gaban allo, a tsaye, wai a Legas an ce taron tsaye ba ya daɗewa. Nasa yakan kai sha ɗaya. Rana ta take, siminti ya soma daskarewa a baro, shi yana bayanin kibiyoyi. Da ya ga haƙa ba ta sauri, sai ya ƙara wani taron da la'asar don binciko abin da ke cinye lokaci. Clara ta gane, ta riƙa fitowa da mutanenta tun ƙarfe shida, su yi aikin yini kafin manaja ya zo ya tafiyar da shi.

Gara kuwa da aka raba da gidanta ta duba hagu da dama, ba ta ga wurin da ya dace da ita kamar Ɗakin Yaƙi ba. Wata safiya Mordecai ya buɗe kwantena ya tarar ta cinye takardar mako na uku ƙarƙaf, ta haɗa da rabin katunan ruwan ɗorawa. Ya tsaya ya ƙura wa gurbin ido.

Clara ta ce, "Yallaɓai, a makon nan ne aka rubuta tifa za ta kwashe ƙasar da muka haƙo. Ga ta can mun tula a gefe, da ta surin duka, ta fi kwantena tsayi."

"Kin ga mako na uku a allo?"

"A'a, gara ta—"

"To ya kammala. Kafin lokaci ma." Ya manna koren kati a gurbin, ya sa aka kafa alamar AN HANA HAWA a jikin tulin ƙasar. Tifa ba ta zo ba har yau da nake ba ku labari.

Duk Juma'a yakan haɗa rahoto, kore daga sama har ƙasa, Henry ya kai PZ a aika Legas. Ran nan ya tare ni a hanyar makaranta, yana shafa wayar ƙugunsa.

"Malam Martin, yau kwana ashirin Legas ba su kira ni ba ko sau ɗaya. Ka san ma'anar wannan? Amana!"

"Ko kuma rashin sabis. Ka hau acaɓa ka je Sabon Gari ka duba saƙonninka mana."

"Doka ta uku," in ji shi. "Kai fa malamin firamare ne."

Rana ta ashirin da tara, kankare ya riga ya bushe, dakali huɗu sun tsaya kusurwa-kusurwa, kowanne da notinansa a miƙe. Henry ya dawo daga Sabon Gari da koren kati kamar kullum, amma ya ƙi tafiya. Dattijo ne mai iyali, ya yi shekara goma sha biyar yana gadi kafin ya koma acaɓa, kuma Allah ya yi shi da lura. Shi kaɗai ne a duniya yake ganin ɓangarorin aikin nan biyu da idonsa.

"Manaja," in ji shi, "abin nan da Chuks ke haɗawa, na ƙirga ƙafafunsa."

"Kore ne ko ruwan ɗorawa?"

"Uku ne."

"Uku ba kala ba ce, Henry."

"Amma nan dakali huɗu nake gani."

"An ɗauke ka ƙirge ne ko kai kati?"

Henry ya fita ya raɗa wa Clara. Ta shigo ba sallama, hular kwanonta a hannu. "Yallaɓai, bari in je Sabon Gari in ga ƙarfen nan da idona. Awa ɗaya."

"Akwai wannan a tsari," in ji Mordecai cikin jin daɗi. Ya nuna can ƙasan allo. "Ziyarar sada zumunci tsakanin ɓangarori. Rana ta arba'in da ɗaya."

"Bayan an buɗe?"

"Don kada ta kawo tsaiko."

"Ƙafa uku ce fa da shi!"

"Clara, Clara. Yau kwana nawa? Ashirin da tara. Uku bisa huɗu na lokaci, uku bisa huɗu na ƙafafu. Ta huɗun tana mako na shida. Lissafi ne, ban san me aka koya muku a jami'a ba."

Ta rubuta ƙorafi shafi biyu ta miƙa masa. Ya gode mata, ya jefa a wani kwali da ya kira akwatin haɗari, inda gara ke karin kumallo.

Lahadin ƙarshe Mama Ebele ta dawo daga PZ da labari: an kwantar da Ebele a asibiti, likita ya ce ko yaushe. Ran Laraba ta sake zuwa, ta kira surukinta sau bakwai ba a ɗauka ba. Ta dawo gwiwa ta kumbura suntum, hawa acaɓa ya gagara. Alhamis ta yini a bakin kasko, wayar a cinyarta, ƙosai yana ƙonewa ba ta gani. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na Mordecai a ranar ba, da ya leƙo ta kan kwano ya ɗaga mata yatsa ɗaya yana murmushi.

Juma'a, rana ta arba'in, aka wayi gari da yayyafi, sannan rana ta buɗe. Aka kwaye kwanon gaba, aka kafa kanofi biyu. Matan zumunta na cocinmu suka zo da anko da tulunan kiɗa. Ga lasifika, ga makirufo mai doguwar waya, ga kujerar kushin da aka ɗauko daga falon Mordecai aka zaunar da Mama Ebele. Babbar baƙuwa ita ce Madam Folasade, darakta daga Legas, wadda ta yi mako shida tana karanta koren rahoto, har ta zo da takardar ƙarin girma a jakarta.

Mordecai ya yi jawabin minti arba'in. Ya ce abin da Turawa ke yi a wata shida ya yi shi a kwana arba'in ba tare da jan kati ko ɗaya ba. Ya ce yana tunanin rubuta littafi. Yana cikin haka tirela ta shigo da gindin ƙarfen, motar ɗaga kaya na biye, Chuks a gaba ya sha sabuwar riga. Mata suka rangaɗa guɗa.

Aka ɗaga, aka saisaita, aka sauke a hankali. Ƙafa ta farko ta zauna a kan dakalinta daram. Ta biyu ta tsaya a iska tsakanin dakali biyu. Ta uku tana lilo a kan ciyawa.

"Juya shi!" in ji Mordecai.

Aka juya. Ta biyu ta zauna, ta farko ta tashi.

"Sake juyawa!"

Aka yi ta juyi kamar ana gasa masara. Kiɗa ya tsaya. Jama'a suka soma ƙirgawa da ƙarfi, suna nuna ƙarfe, "Ɗaya, biyu, uku!" su juya su nuna ƙasa, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu!"

"Chuks!" Mordecai ya manta makirufo na bakinsa. "Ina ƙafa ta huɗu?"

"Wace ƙafa, Oga? Tun rana ta uku Legas suka canja zane. Ƙafa uku. Da sabon zanen aka kawo mini ƙarafa, suka ce sun gaya maka."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Da wane kati?"

Wani ya fashe da dariya a ƙarƙashin kanofi, sai wuri ya ɗauka. Mordecai bai karaya ba, wannan kam na ba shi. Ya ce a nemo tsohuwar gorar da muke rataye wayoyi a ɗaure ta ta zama ƙafa ta huɗu kafin a kira taro. Clara ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Da ya ga hayaniya ta yi yawa ba a jin sa, sai ya ja makirufo ya nufi tulin ƙasar nan, ya ture alamar da shi ya kafa, ya hau da rarrafe, takalmi na zamewa a laka, har ya kai ƙololuwa. Ya miƙe, ya gyara naktaye.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Abin da kuke gani ba matsala ba ce, a Legas ana kiran sa—"

Ƙit-ƙit.

Ya sauke hannu ya dafe ƙugu, da makirufon a hannun. Lasifika ta ɗauka ta watsa wa Samaru. Ƙit-ƙit. Ƙit-ƙit. Ƙit-ƙit. Wayar da ta yi kwana arba'in tana azumin magana ta buɗe baki da kukan shigowar saƙonni, kuma ba ta da niyyar rufewa. Jama'a suka koma ƙirga wannan. Da aka kai talatin da ɗaya ta yi shiru.

Madam Folasade ta tako har gindin tulin da dogon takalminta, ta miƙa hannu. Ya sulalo ya ba ta wayar da makirufon. Da Turanci ta riƙa karantawa, ni kuma wakilin unguwa na riƙa fassara wa jama'a, kuma Allah ya gani ban rage ko wasali ba.

"Rana ta uku, daga sashen zane: an koma ƙarfe mai ƙafa uku, dakatar da fandisho. Rana ta biyar: ka ga saƙonmu? Rana ta takwas: kada a zuba kankare. Rana ta sha biyu: Mordecai, kana raye? Rana ta ashirin: tunda ka yi shiru, mun ɗauka ka gyara."

Ta ɗago ta dube shi. "Ka aiko mini kore sau shida."

"Madam, kowane ɓangare kore ne. Fandisho lafiya lau. Ƙarfe lafiya lau. Haɗuwarsu ce kawai ba ta cikin allo."

Ta buɗe baki za ta wanke shi, sai ta tuna sashen zanen nan a hawa na huɗu yake a ofishinsu, ita tana na bakwai, kuma su ma ba su taɓa hawowa sun gaya mata ba. Ta rufe bakin.

A cikin wannan shirun ne muka ji muryar Mama Ebele. Ba ta yi dariya ba tun da aka fara, ba ta ma kalli ƙarfen ba. Ta miƙe daga kushin, wayarta a dunƙule a hannu.

"Wayarsa ta yi kuka," in ji ta. "A can sama ta yi kuka. Akwai sabis a kan ƙasar nan."

Ta nufi tulin tana jan ƙafa. Taku biyu laka ta zame da ita. Henry ya ruga Ɗakin Yaƙi, ya kinkimo allon nan, da kibiyoyinsa da korayen katunansa, ya shimfiɗa shi a jikin tulin.

"Kai! Tsarin aiki ne!" in ji Mordecai.

"Yau zai yi aiki," in ji Henry.

Clara ta kama hannunta na dama, Chuks ya kama na hagu, ba tare da neman izinin kowa ba. Suka haura da ita a kan allon, daga mako na ɗaya har na shida. Ba ta gama daidaita tsayuwa ba wayar ta ɗauki kuka a hannunta. Ta danna, ta kara a kunne.

"Halo? Amaechi? ... Ina Ebele? Gaya mini ita tukuna... Tana lafiya? ... Yaushe? ... Shekaranjiya?"

Surukin nata ya ce tun daren shekaranjiya yake kiran ta, ya fi sau hamsin, Ebele na ta kuka tana cewa ko wani abu ne ya sami Mama. Sannan ya ce ta saurara. Madam Folasade da kanta ta miƙa makirufo sama, Clara ta kara shi a jikin wayar. Sai ga shi ta lasifika, siriri, mai ƙarfi, cike da fushi: kukan jariri. Mama Ebele ta durƙushe a kan laka da kumburarriyar gwiwarta tana kuka tana dariya. Matan zumunta suka ɓarke da waƙa. Ni ma na share ido, ba zan ɓoye ba.

"Namiji ne!" ta faɗa wa jama'a. Ta mai da wayar kunne. "Suna? Ku sa masa duk wanda kuka ga dama. Ban da Mordecai."

Sauran abin bai ɗauki lokaci ba. Madam ta zaunar da Clara da Chuks a bencin ƙosai, zane biyu a gabansu. Kafin kasko ɗaya ya soyu sun gano dakali ɗaya zai yi amfani, a zuba sababbi biyu, mako uku ƙarfe ya tsaya. Aka damƙa wa Clara aikin. Ta ce dokarta ɗaya ce: wanda ya ga matsala ya faɗa da baki, ga kowa, a ranar. Henry ya zama mai zuwa taro. Aka sake kafa gora a kan tulin. Madam ta ce fom ɗin PZ ma sun fi ƙarfin Mordecai a yanzu. Kafin ƙarfe ya tsaya, aikinsa shi ne ya zauna a gindin gora, in waya ta yi kuka ya kira mai ita.

Ana naɗe kanofi na same shi yana goge laka daga naktaye. Wai har ya soma farfaɗowa.

"Malam Martin, ka dai shaida," in ji shi. "Na ce rana ta arba'in, a wannan filin, za ta ji kukan jikanta. Ta ji ko ba ta ji ba? In ka bi ta tsari, wannan kore ne."

Mama Ebele na bayansa, an sauko da ita. Ta ɗingisa zuwa murhu, ta ɗauko ɗaya daga cikin katunan da take fifita wuta da su, gefensa ya ƙone, duk ya sha mai. Ta soka masa shi a aljihun gaban riga, jan ya leƙo waje, ta daddanna shi da tafin hannu.

"Kwana biyu jikana yana duniya ban sani ba," in ji ta. "Riƙe wannan, ɗana. Gobe ƙarfe shida ka zo, in koya maka kukan wayoyi."